Farin Hayaƙi a Hanyar Madakiya

Ranar wata Asabar ce cikin watan Agusta na 1992. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba Sista Edna ta iso garejin Gershon a bayan babur ɗin wani maƙwabcinta, farar rigarta ta jiƙe har gwiwa. Ita ce nas mai kula da ƙaramin asibitin coci da ke bakin garin Kafanchan, kuma ba ta saba zuwa gareji da kanta ba. In motar asibitin ta samu matsala, direba take aikowa.

Gershon ya fito daga ƙarƙashin wata tifa yana goge hannu da tsumma. Dattijo ne da ya kusa shekara sittin. Ya yi shekara ashirin da biyu yana gyaran injinan jirgin ƙasa kafin ya bar reluwe ya kafa wannan rumfa a bayan kasuwa, kuma duk wata mota mai shan gas a unguwar a hannunsa take.

"Baba, ɗauki kayan aikinka mu tafi," in ji Edna. "Yanzu-yanzu."

"Motan ya tsaya a hanya ne?"

"Motan yana asibiti. Hammadu ne a cikin wahala. Na kulle shi a ɗakin magani, makullin yana aljihuna."

A tsaye ta ba shi labarin, yana zuba sufanu a jaka. Da safe Hammadu, direban asibitin, ya kai matan zumunta goma sha ɗaya taro a Zonkwa. A hanyar dawowa ruwa ya kama su. Da suka zo Madakiya ya tsaya a bakin hanya kusa da rugarsu, matarsa Hussaina ta kawo wa matan ƙwaryar kindirmo, kamar yadda take yi duk lokacin da motar ta biyo ta wurin. Suka sha, suka yi godiya, aka ci gaba da tafiya. Kafin su shigo Kafanchan mata uku sun fara amai, ta huɗu kuma, Emilia, ta sulale a kujera ba ta motsi. Hammadu bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar asibiti, shi ya ɗauko Emilia da hannunsa ya shigar da ita ciki. Cikin rabin awa magana ta zaga unguwa cewa Bafillace ya ba matan coci guba a nono.

Wata uku ke nan da rikicin da aka yi a Zangon Kataf. Har yanzu akwai waɗanda ba su koma gidajensu ba, kuma a kasuwa mutanen da suka yi shekaru suna zama a benci ɗaya sun koma gaisawa daga nesa. Gershon bai buƙaci a yi masa bayanin abin da irin wannan magana za ta iya haifarwa ba.

"Mutum nawa ne a ƙofa?"

"Da na fito sun kai talatin. Mijin Emilia yana cikinsu, Ticha Silvanus. Fasto yana Kaduna. Ban so in kira 'yan sanda tukuna, da an ga motarsu a ƙofanmu gari duka zai ji."

"Me ya sa kike ganin mota ne?"

"Na ga masu cin abinci mai lahani da yawa, Baba. Waɗannan babu mai zawo ko ɗaya. Dukansu kai ne yake sara musu, idonsu ya yi ja. Akwai wata Mama da ba ta shan nono ko kaɗan, ita ma tana riƙe da kai. Kuma da na shiga motan in ɗauko jakar Emilia, wani wari ya shaƙe ni. Na gaya musu, suka ce ina kare ma'aikacina ne. Kai za su saurare ka."

Gershon ya rataya jakar. Abu biyu ne suka faɗo masa a rai a lokaci guda. Mako uku da suka wuce Hammadu ya kawo motar yana cewa tana shan ruwa fiye da kima. Ranar gareji cike yake da motocin manoma, sai ya leƙa ƙarƙashinta, bai ga inda take ɗiga ba, ya canza murfin lagireto ya ce masa ya riƙa ƙara ruwa kowace safiya. Na biyun ya fi damunsa. A watan Yuni bututun salansa ya tsage a wuyansa, daidai inda yake haɗuwa da inji, shi kuma ya yi masa walda maimakon ya sa a nemo sabo daga Jos.

Da suka isa, mutanen sun ƙaru. Yawancinsu maza ne 'yan unguwa, wasu da sanduna, wasu kuwa kallo kawai ya kawo su. Motar tana tsaye a tsakiyar harabar, farar bas mai kujeru goma sha biyu, laka ta rufe mata tayu. Wani ya riga ya fasa mata fitila ɗaya da dutse. Ticha Silvanus yana tsaye a kan matakalar asibitin, dogon mutum mai tabarau, shi ne hedimasta na makarantar firamare. Gershon ya san shi da sanyin hali, amma yau shi ne a gaban taron.

"Baba Gershon, ba makanike muke nema ba," in ji shi. "Matata tana kwance a ciki ba ta san inda take ba. A fito mana da mutumin nan ya faɗa mana abin da ya sa a nonon."

"Ticha, ka ba ni minti talatin da motan nan."

"Me motan zai faɗa maka?"

"Ban sani ba tukuna. In ban samu komai ba zan faɗa maka a gaban kowa. Amma ka tsaya kusa da ni, ka ga komai da idonka, kada wani ya ce na ɓoye abu."

Wani daga baya ya ce a bar dogon surutu a ɓalle ƙofar. Silvanus ya juya ya dube shi, ya dubi agogon hannunsa, ya ce, "Minti talatin."

Ɗakin maganin yana da ƙaramar taga mai ƙarafa a bayan ginin. Gershon ya zagaya, Silvanus na biye da shi. Hammadu yana zaune a kan kwali, hularsa a hannu. Siririn mutum ne mai shekara arba'in da 'yan kai. Shanunsa sun mutu a annobar bushiya shekara tara da suka wuce, ya koyi tuƙi, kuma shekara shida ke nan yana jan motar asibitin. Rabin yaran unguwar a cikin motarsa aka kai iyayensu mata haihuwa. Da ya ga Gershon ya miƙe ya riƙe ƙarfen tagar.

"Baba, ya jikin Mama Emilia?"

"Sista tana tare da ita. Ka amsa mini abin da zan tambaye ka kawai. Ruwa nawa ka zuba a lagireto da safe?"

"Galan ɗaya cif. A Zonkwa na ƙara rabi. A Madakiya ma dalilin tsayawata ke nan, allurar zafi ta hau, na ce bari ta huce in ƙara mata ruwa. Hussaina ta hango mu ta kawo nono."

"Hayaƙi fa?"

"Fari, mai yawa. Da safe ya fi, in ta yi zafi yakan ragu. Yau dai bai ragu ba. Kuma tun daga hawan nan na bayan Zonkwa take jijjiga, ƙarfinta ya ragu, ƙararta ma ta canza."

"Gilasai a rufe suke?"

"Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, Baba. Duka sun rufe."

Silvanus ya matso. "To kai me ya sa ba abin da ya same ka? Ba a cikin motan kake ba? Ko don ba ka sha nonon ba ne?"

"Na sha, Malam. Ni na fara sha."

"Wa ya gani?"

Gershon ya lura kafaɗar rigar Hammadu ta hagu a jiƙe take sharkaf, ta dama kuwa a bushe. Ya karɓi makullin motar ta tsakanin ƙarafan ya koma gaba.

Irin wannan bas injinta a ƙarƙashin kujerar gaba yake. Ya ɗaga kujerar, ya buɗe murfin injin, mutane suka yi da'ira suna leƙe. Ya fara da duba tiyo-tiyon ruwa, ya matsa kowanne da hannu, ya shafa ƙasan lagireto, ya duba famfon ruwa. Ko'ina a bushe. Ya kwanta a ƙasa ya leƙa, babu alamar ɗiga. Ya tashi ya buɗe murfin lagireto, ya haska da tocila. Babu ruwa a sama ko kaɗan.

"Galan ɗaya da rabi aka zuba yau, ban da na Madakiya," in ji shi, yana magana da Silvanus amma da ƙarfi don na baya su ji. "Ba ya zuba a ƙasa. To ina yake tafiya?"

"In dai da gaske ya zuba," in ji wani.

Gershon ya zaro sandar awon baƙin mai ya miƙa wa Silvanus. Man da ya kamata ya zama baƙi ya koma kamar shayi mai madara. Ya buɗe murfin da ake zuba man, a cikinsa akwai wani farin kumfa mai kauri.

"Ruwa ne ya haɗu da mai. Ka taɓa ka ji."

Silvanus ya murza shi tsakanin yatsu, ya goge a hankici. "Wannan ya nuna motan ya lalace. Bai nuna abin da ya sa matata ta suma ba."

"Gaskiya ne. Mu ci gaba."

Ya sa aka kawo bokitin ruwa ya cika lagireto har baki, ya bar shi a buɗe, ya hau ya murɗa makulli. Injin ya juya da ƙyar, kamar abu ya tokare shi, ya tsaya. Ya sake gwadawa. A karo na uku ya kama, motar duka ta ɗauki rawa, farin hayaƙi ya turnuƙe daga baya har waɗanda ke tsaye a wurin suka ja da baya suna tari. Gershon ya kira Silvanus ya nuna masa bakin lagireto. Ruwan yana ta ɓulɓulo da kumfa, ɗaya bayan ɗaya, alhali injin ko ɗumi bai yi ba.

"Wannan ba tafasa ba ne. Sa yatsanka, ruwan da sanyinsa. Iskar cikin inji ce take fitowa ta nan. Akwai wani faifai tsakanin kan inji da gangar jikinsa, gasket muke ce masa, shi yake raba hanyar ruwa da hanyar wuta. Ya ƙone. Ruwa yana shiga inda gas yake ƙonewa, shi ne farin hayaƙin nan. Silinda ɗaya ba ya aiki sosai, gas ɗinsa ba ya cinyewa, shi ya sa hayaƙin yake yaji a ido, shi ya sa kuma motan yake rawa haka."

"Hayaƙi a baya yake fita," in ji Silvanus. "Su a ciki suke zaune."

Saura minti goma sha biyu a cikin lokacin da aka ba shi. Gershon ya sani sarai inda ya kamata ya duba tun farko, ya kuma san shi ne ya yi ta kewaye wurin. Ya ɗauki tsummansa ya jiƙa a bokiti, ya dunƙule shi, ya miƙa wa wani magidanci da ke riƙe da sanda.

"Ajiye sandan nan ka taimake ni. Je ka toshe bakin salansa da wannan, ka danne da takalminka. In na ce saki, ka saki."

Mutumin ya yi jim, ya jingina sandar da bango, ya tafi. Lafiyayyar salansa in aka toshe ta, injin yakan shaƙe ya nemi mutuwa, ko ya tunkuɗe tsumman. Wannan bai yi ko ɗaya ba. Sai wani huci da ya tashi daga gefen injin, farin hayaƙi ya fara bulbulowa sama ta ƙarƙashin kujera. Gershon ya haska tocila a wurin. A wuyan bututun, a kan layin waldar da ya yi da hannunsa, akwai tsaga mai tsawon yatsa, baƙin toka ya yi zane daga bakinta har jikin murfin injin. Robar da ke zagaye da murfin, wadda ya kamata ta hana iskar inji shiga cikin mota, zafi ya cinye ta a daidai wannan gefen.

Ya ce a saki tsumman, ya kashe injin.

"Ticha, a wane kujera matarka ta zauna?"

Silvanus bai sani ba. Edna, wadda ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta shiga ta tambayi matan ta dawo. Emilia ce a layin farko, daidai bayan murfin injin, don tana jin sanyi ta ce wurin ya fi ɗumi. Ukun da suka yi amai biyu suna gefenta, ɗaya tana bayanta. Na can baya ciwon kai kawai suka yi.

"Shi direban fa?" in ji mutumin da ya toshe salansa. "Ai a kan injin yake zaune."

Gershon ya buɗe ƙofar direba ya murɗa hannun gilas. Gilashin ya hau, ya tsaya saura tsawon tafin hannu, ya ƙi ƙarasawa. Kujerar a jiƙe take a gefen hagu.

"Wannan gilas tun bara ba ya rufewa. Iska tana shigo masa a fuska, tana tura hayaƙin baya wajen matan. Ku je ku duba rigansa, kafaɗa ɗaya ce ta jiƙe."

Wasu suka fara magana ƙasa-ƙasa a tsakaninsu. Amma wani mai jar riga, wanda aka ƙone shagon ƙaninsa a rikicin, ya ce wannan duk tsari ne. Wa ya san ko direban ne ya fasa bututun da gangan? Motar a hannunsa take kwana da wuni. Maganar ta samu masu gyaɗa kai, da'irar ta sake matsowa.

Gershon ya sake duban tsagar. Zai iya cewa ƙarfe ne ya tsufa, ba wanda zai musa masa, amma hakan ba zai rufe bakin mai jar riga ba. Ya goge hannunsa a wando.

"Ba shi ya fasa ba. Ku zo ku duba, babu alamar guduma ko zarto. Walda ce ta saki. Ni na yi waldan nan a watan Yuni. Ya kamata in sa sabon bututu, na ce wannan zai riƙe. Mako uku da suka wuce kuma mutumin nan ya zo garejina ya ce motan yana shan ruwa. Ban buɗe na duba ba, na canza murfi na sallame shi. Da na duba a ranar, da injin bai kai ga wannan rawan da ya karya waldan ba. In akwai wanda za a tambaya a kan abin da ya samu matan nan, ga ni."

Mai jar riga ya dube shi, ya kawar da kai. Silvanus ya cire tabaransa ya goge, ya mayar.

"Baba, na san ka tun ina yaro. Ba na cewa kana ƙarya. Amma kai dattijo ne, za ka iya ɗaukar laifi don a zauna lafiya. Hayaƙin mota muna shaƙa kullum a tasha, ban taɓa ganin wanda ya suma ba."

"A tasha a fili kake. Shiga mu zauna."

"Me?"

"Ni da kai. Mu rufe ƙofa da gilasai yadda suka yi. Ka zauna inda matarka ta zauna. Su sun yi fiye da rabin awa, mu minti biyar za mu yi."

Edna ta ce ba ta yarda ba, marasa lafiyan da take da su sun ishe ta. Silvanus ya riga ya ja ƙofar gefe ya shiga. Gershon ya mayar da murfin inji da kujera, ya ƙara ruwa, ya sa mai jar riga da kansa ya zauna a kujerar direba ya tayar da motar ya ɗan taka totur, kamar ana hawan tudu. Shi kuma ya zauna kusa da Silvanus ya ja ƙofar. Edna ta tsaya a waje da agogo a hannu, ɗaya hannun a kan mariƙin ƙofa.

Minti na farko ba a ji komai ba sai ɗumi da wari. A na biyu idon Gershon ya fara ƙaiƙayi. Gilasan suka yi hazo daga ciki, fuskokin mutanen waje suka dusashe. Silvanus yana zaune a miƙe, hannuwansa a kan gwiwa, ya ƙudura ba zai yi tari ba. A minti na uku hawaye suna zuba ta ƙarƙashin tabaransa. Gershon ya ji wani abu yana buga masa a goshi, cikinsa ya fara juyawa.

"Emilia tana da ciwon ƙirji tun tana budurwa," in ji Silvanus a hankali, ba tare da ya juyo ba. "Ko hayaƙin murhu ba ta so."

"Me ya sa ba su buɗe gilas ba?" in ji Gershon.

"Waƙa suke yi. Kullum in suna dawowa daga taro waƙa suke yi har gida."

Ba a kai minti na biyar ba Silvanus ya buga gilas da tafin hannu. Edna ta ja ƙofar, ya fito yana tangaɗi, ya dafa taya ya yi amai a kan laka a gaban kowa. Gershon ya sauko ya zauna a kan matakala, wata mata ta kawo masa ruwa a kofi. Mai jar riga ya kashe motar ya fito lafiyarsa lau, ya tsaya yana kallon gilashin da ya ƙi rufewa.

Mutane ba su watse nan take ba. Sun fara raguwa ne biyu-biyu, uku-uku, wasu suna cewa dama su kallo suka zo. Sanduna biyu aka bari jingine da bango. Edna ta jira har harabar ta kusa zama wayam kafin ta ciro makulli ta buɗe ɗakin magani. Hammadu ya fito yana ƙifta ido. Silvanus yana zaune a benci da kansa a sunkuye, ya ɗago ya dube shi. Hammadu ya ce, "Allah ya ba ta lafiya, Malam," ya wuce wajen famfo ya yi alwala, don la'asar ta kusa wucewa.

Emilia ta farfaɗo kafin magariba. Kwana biyu ta yi a asibitin, sauran matan kuwa a ranar suka koma gida. Abin da ta fara tambaya shi ne ko an mayar wa Hussaina ƙwaryarta, don a cikin mota aka bar ta.

Ranar Litinin Gershon ya sa aka jawo motar zuwa gareji. Da ya kwance kan injin ya ga gasket ɗin ya ƙone tsakanin silinda na uku da hanyar ruwa, kan fistin ɗin wurin ya yi fes kamar an wanke shi da sabulu, sauran ukun kuwa baƙi ƙirin. Kan injin ma ya ɗan lanƙwashe saboda zafi, dole a kai shi Jos a goge. Ya rubuta abubuwan da za a sayo a takarda: gasket, sabon bututun salansa, robar murfin inji, da ƙarfen ɗaga gilas.

Dattawan coci sun zauna a kan maganar ranar Laraba. Wasu sun ce a nemi wani makanike, kuma kusan shekara guda motar asibitin wani gareji ake kai ta. Gershon bai yi gardama ba. Wannan gyaran dai sun bar shi ya ƙarasa, ya kuma gwada motar da tsumma a bakin salansa sau uku kafin ya bari ta fita daga rumfarsa.

Hammadu bai koma aiki ba. Ya zo ranar da aka gama gyaran, ya zagaya motar, ya tayar da ita ya saurari ƙararta, ya leƙa hayaƙin da ke fita siriri ba launi. Sannan ya kai wa Edna makullin. Ta roƙe shi, Fasto ya je har Madakiya, Silvanus ma ya bi shi da buhun masara a bayan keke ya zauna a rugar har azahar. Hammadu ya karɓe su da mutunci, ya ce ba ya riƙe da kowa a zuciya. Sai dai, in ji shi, da yana cikin ɗakin nan yana jin muryoyin waje, kusan kowace murya ya gane mai ita, kuma ba ya jin zai iya ci gaba da ɗaukar iyalansu a mota yana tunanin abin da zai faru in wani ya sake yin rashin lafiya a hanya.

A ƙarshen damina ya samu aikin jan motar wani ɗan kasuwa mai kai citta Kaduna. Duk bayan mako biyu yakan biyo da ita garejin Gershon a duba mai da ruwa. Dattijon yakan ajiye duk abin da yake yi ya buɗe ta da kansa, Hammadu kuwa ya zauna a benci yana ba shi labarin ramukan hanyar Kachia da farashin citta a Kujama.